Na Ɗaya Da Na Ƙarshe: Wa Ya Yi Nasara A Gudun Fanfalaki?

  

A wannan watan zan ɗauke ku mu ɗan fita daga kicin da tsakar gida, mu leƙa wani fage da yawancinmu ba mu saba leƙawa ba, wato fagen gudun dogon zango, wanda ake kira gudun fanfalaki, wasu kuma su ce gudun yada-ƙanin-wani. Na san wata za ta ce, "To mu da ko kaza ba ma iya kamawa a guje, me ya haɗa mu da masu tsere a titunan Turai?" Yi haƙuri 'yar'uwa, ki biyo ni sannu. Akwai wata tambaya da kowace uwa take yi sau uku a shekara, ranar da aka ba da hutu yaro ya shigo da katin sakamako a hannu. Tun bai cire takalmi ba za a tare shi da, "Na nawa ka zo?" In ya ce na ɗaya, a rangaɗa guɗa. In ya ce na 17, sai a haɗe rai, a fara lissafo masa 'ya'yan maƙwabta da 'ya'yan ɗakin can. To masu gudun fanfalaki sun fi shekara 100 suna fama da irin wannan tambaya, kuma abin da suka gano yana da amfani a gidajenmu.

Dubi wannan lissafi. A tseren birnin Landan na shekarar 2025, mutum fiye da dubu 56 ne suka kai ƙarshe. A cikin masu gudu da ƙafa, namiji ɗaya ne ya zo na ɗaya, mace ɗaya ce ta zo ta ɗaya. Sauran dubban nan kuwa malaman makaranta ne da ma'aikatan jinya da direbobi da iyaye mata da tsofaffi masu jikoki, kuma kowannensu tun yana gida ya san ko ƙeyar na gaba ba zai hango ba. Duk da haka sun yi watanni suna tashi da duku-duku suna atisaye, sun biya kuɗin rajista daga aljihunsu, sun fito sun sha wahalar da za ta hana su hawa bene har kwana uku. Ko dai dukkansu sun zautu ne, ko kuma akwai abin da suke nema ban da kofi.

Yadda tseren yake

Tsawon wannan tsere kilomita 42 ne da mita 195. In a filin wasa za a yi shi, sai an zagaya fili sau 105 da rabi. An fara amfani da wannan awo a wasannin Olamfik na Landan a 1908, aka kuma tsayar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921.

Abin da ya sa ya bambanta da tseren mita 100 yana cikin halittar jikin ɗan Adam. Jiki yana ajiye wani irin sukari a cikin tsoka da hanta, shi ne makamashin da yake ƙonawa idan ana gudu. Ajiyar ba ta da yawa, ga yawancin mutane takan ƙare a wajen kilomita 30 zuwa 35. Daga nan sai jiki ya dogara da kitse, shi kuwa kitse kamar ɗanyen itace yake, yana ci amma ba ya ba da wuta da sauri. Sai ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, kai ya yi dum, zuciya ta shiga raya wa mutum cewa ya zauna a bakin titi ya huta. Masu gudu suna kiran wannan wuri katanga. Wanda ya fita da zafi a farkon tsere don ya ga wani ya wuce shi, shi ne yake fara cin karo da ita, domin ya ƙone itacensa tun tuwo bai nuna ba. Shi ya sa darasin farko da mai horarwa yake koya wa sabon shiga shi ne ya san gudun da jikinsa zai iya ɗauka, ya tsaya a kansa, ko da tsohuwa ce ta zo ta wuce shi. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Wani abin lura kuma, a manyan tsere agogo biyu ake aiki da su. Akwai babban agogo da yake fara lissafi daga lokacin da aka harba bindigar tashi, da shi ake tantance wanda ya riga kowa. Akwai kuma 'yar ƙaramar na'ura da ake maƙala wa kowa a jikin lambar ƙirjinsa, wadda ba ta fara ƙirga masa lokaci sai ƙafarsa ta taka layin farawa, domin saboda cinkoso wani sai ya yi rabin awa ko fiye bai iso layin ba. Kin ga ke nan kowa yana da agogon kansa. In masu gudu suka haɗu bayan tsere, abin da suke tambayar juna shi ne, "Awa nawa ka yi?" sai kuma, "Ka doke lokacinka na baya?" Matar da ta yi awa 5 da minti 10 a bara, ta dawo bana ta yi awa 4 da minti 55, za ki ga tana kukan murna, alhali mutum dubu 30 ne a gabanta.

A ba na ɗaya haƙƙinsa

Kada wannan ya sa a ɗauka cewa zuwa na ɗaya ba komai ba ne. Komai ne, kuma wanda ya ce duk ɗaya ne bai faɗi gaskiya ba. Manyan 'yan tsere na Kenya da Habasha sukan yi gudun kilomita 160 zuwa 200 a kowane mako, shekara da shekaru, babu mai tafa musu. Abin da ake gani a talabijin cikin awa biyu girbin wannan noman ne.

Mu ɗauki Sifan Hassan. A Habasha aka haife ta, ta isa ƙasar Holan a matsayin 'yar gudun hijira tana da shekara 15. A wasannin Olamfik na birnin Faris a 2024 ta yi abin da masana suka ce ganganci ne, ta shiga tsere uku. Ta samu tagulla a mita dubu 5, ta samu tagulla a mita dubu 10, bayan kwana biyu kacal kuma ta fito gudun fanfalaki. A 'yan mitocin ƙarshe ta yi kafaɗa da kafaɗa da Tigst Assefa ta Habasha, ta wuce ta da daƙiƙa 3, ta kammala cikin awa 2 da minti 22 da daƙiƙa 55. In aka haɗa har da zagayen share fage, ta yi tseren fiye da kilomita 62 cikin kwana 10. Daren ranar, a bikin rufe wasanni, ta hau dandamali sanye da hijabinta aka rataya mata zinare duniya tana kallo. Wannan nasara ce, babu ja.

Sai dai ko a cikin zakarun, akwai waɗanda aka fi tunawa da su saboda halin da suka nuna. Derartu Tulu 'yar ƙauyen Bekoji ce a Habasha. Tana da shekara 20 ta ci tseren mita dubu 10 a Basalona a 1992, ta zama baƙar mace ta farko daga Afirka da ta ɗauki zinare a Olamfik. Wadda ta zo ta biyu, Elana Meyer, farar fata ce daga Afirka ta Kudu, ƙasar da a shekarar ce aka sake karɓar ta a wasannin bayan an daɗe da korar ta saboda mulkin wariyar launin fata. Derartu ta tsaya ta jira ta, suka riƙe hannun juna suka zagaya fili tare. A 1998 ta haifi 'yarta, mutane suka ce ai shi ke nan ta gama yayi. A shekarar 2000 ta koma Sidni ta sake ɗaukar zinaren. A 2009, tana da shekara 37, bayan haihuwa ta biyu, ta shiga tseren birnin Niyu Yok. Ana cikin tafiya sai ta lura abokiyar hamayyarta ta shekara da shekaru, Paula Radcliffe ta Ingila, tana fama da ciwon ƙafa tana ja da baya. Maimakon ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama ta ƙara wuta, sai ta sassauta tana ƙarfafa mata gwiwa ta biyo su. Da ta ga abin ya faskara sai ta wuce, kuma ita ta ci tseren. Radcliffe ta zo ta huɗu, daga baya da bakinta ta ba da labarin. Uwargida, kin ga a nan mutum ɗaya ya haɗa cin tsere da mutunci, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Na ƙarshe fa?

A wannan rana da Sifan ta ci zinare, bayan awa ɗaya da rabi da gama nata tseren, akwai wata baiwar Allah da take kan hanya. Sunanta Kinzang Lhamo, soja ce daga Butan, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke cikin duwatsu tsakanin Indiya da Sin. Ga rana ga hawa da gangara, wani wuri ta yi gudu, wani wuri ta taka da ƙafa. Da 'yan kallo suka gane ita ce ta ƙarshe, sai suka shiga bin ta a gefen shinge, wasu a guje wasu a kan keke, suna tafi suna yi mata kirari. Ta kammala cikin awa 3 da minti 52 da daƙiƙa 59, ta zo ta 80, kuma ihun da aka yi mata a bakin layi bai gaza na masu lambobi ba.

Wannan ya tuna wa mutane wani tsohon labari na 1968 a birnin Meziko. Birnin yana kan tudu mai tsawon fiye da mita dubu 2, iskarsa ba ta wadatar da huhun wanda bai saba ba. John Stephen Akhwari na Tanzaniya ya faɗi a cikin turereniya tun ba a kai rabin hanya ba, gwiwarsa ta goce, kafaɗarsa ta bugu da kwalta. Aka ɗaure masa ƙafar, ya tashi ya ci gaba. Mamo Wolde na Habasha ya ci tseren, aka yi shagali, rana ta faɗi, yawancin 'yan kallo suka watse. Fiye da awa guda bayan haka sai ga Akhwari ya shigo filin yana ɗingishi, bandeji yana reto, shi ne na 57 kuma na ƙarshe. Da aka tambaye shi me ya hana shi haƙura, sai ya nuna cewa ƙasarsa ba ta turo shi wannan uwa duniya don ya fara tsere kawai ba, ta turo shi ne don ya gama. Yau in kika tambayi masu sha'awar wasanni wa ya zo na huɗu ko na biyar a wannan tsere, da wuya ki samu mai amsa miki, amma Akhwari an san shi.

Me ya sa ake girmama irin waɗannan? Ba don tausayi ba ne kawai. Duk wanda ya taɓa isa katangar nan ya san cewa na ƙarshe ya fi kowa daɗewa a cikin wahala. Zakara awa biyu da 'yan mintoci ya yi a rana, na baya kuwa ya yi huɗu ko shida, babu kofi a gabansa, babu kuɗi, babu abin da yake jan sa sai alkawarin da ya yi wa kansa.

Amma fa duniya ba ta jiran kowa har abada, kuma masu gudu sun san da haka. A Afirka ta Kudu akwai tseren da ake kira Comrades, wanda aka fara tun 1921 tsakanin biranen Daban da Pietermaritzburg, mai tsawon kusan kilomita 90. Awa 12 ake bayarwa. Idan lokaci ya kusa cika, sai wani jami'i ya tsaya a bakin layi ya juya wa masu zuwa baya, don kada ya ga fuskar kowa tausayi ya kama shi, yana duban agogo. Daƙiƙar na cika zai harba bindiga a tare hanya. Wanda ya rage masa taku biyu, bayan ya yini yana gudu tun asuba, ba shi da lamba, sunansa ba ya shiga jerin waɗanda suka kammala. A kan ga manya suna kuka a wurin. Da yawansu kuma sukan koma gida su gyara shiri, su dawo baɗi.

Nasarar aro

Akwai kuma wanda yake son sunan ba tare da gumin ba. A tseren Boston na 1980, wata mata mai suna Rosie Ruiz ta shigo a matsayin ta ɗaya cikin mata, aka ɗora mata kambi, aka ɗauki hotuna. Sai dai mutane suka fara ƙus-ƙus. Jikinta bai nuna alamar wadda ta yi kilomita 42 ba, matan da ke gaba-gaba babu wadda ta tuna ta ga wucewarta, hotunan da aka ɗauka a hanya babu ita a ciki. Ashe daga cikin 'yan kallo ta faɗo titi ana saura ƙiris a gama. Ramin ƙarya ƙurarre ne, cikin kwana 8 aka karɓe kambin aka ba mai shi, Jacqueline Gareau ta Kanada. Amma tafin da ya kamata a yi wa Gareau a bakin layi a ranar, wannan kam an riga an sace mata shi.

Na zamani sun fi wayo, da allura suke yi. Rita Jeptoo ta Kenya ta ci tseren Boston a 2014, daga baya gwaji ya nuna tana amfani da wani haramtaccen magani mai ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini. Sai a 2016 aka soke nasarar aka mayar wa Buzunesh Deba ta Habasha, bayan shekara biyu tana ɗauke da sunan ta biyu.

Ga kuma kishiyar wannan. A watan Disamba na 2012, a wani tseren daji a garin Burlada na ƙasar Sifaniya, Abel Mutai na Kenya yana gaba da tazara. Saura 'yan mitoci sai ya tsaya, a zatonsa ya riga ya ƙetare layi. 'Yan kallo suna ta yi masa ihu ya ƙarasa, amma ba ya jin harshensu. Iván Fernández Anaya, wanda yake biye da shi, ya iso. Hanya a buɗe take, babu dokar da ta hana shi wucewa. Sai ya ƙi, ya tsaya a bayansa yana nuna masa gaba yana tura shi har ya ƙetare, shi kuma ya zo na biyu. Hujjarsa ita ce, tazarar da Mutai ya ba shi ta nuna wanda ya ci tseren, kuskuren layi ba zai mayar da shi gwani ba. Mai horar da shi, wanda tsohon zakaran duniya ne, bai ji daɗi ba, yana ganin an zubar da dama. Har yau ana muhawara a kan wa ya fi gaskiya a cikinsu. Ni dai ina tare da yaron.

A nan ne nake son mu yi wa kanmu faɗa, iyaye mata. Sau nawa muka ji uwa ta sayar da ɗan kunnenta don a kai yaro wata makarantar ƙauye da ake rubuta wa ɗalibai amsa a allo ranar jarrabawa? Sau nawa aka aika wa malami da abin goro don a gyara maki? Yaron zai fito da takarda mai kyau, a yi walima. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Ranar da ya shiga jami'a ko ya kama aiki zai iso katangarsa babu ajiyar komai a jiki. Sannan akwai ɗan wata da aka tauye, wanda ya yi karatun da gaske aka ture shi, kamar yadda aka yi wa Gareau da Deba. Tambayar "na nawa ka zo," in ita kaɗai ake yi wa yaro, ita ce take koya masa cewa a samo lambar ko ta halin ƙaƙa.

Tsayawa ma wani lokaci hankali ne

Kada kuma labarin Akhwari ya sa mu ɗauka cewa duk wanda ya tsaya rago ne. A wasannin Olamfik na 1912 a birnin Istokhom na ƙasar Suwidin an yi tseren cikin matsanancin zafi, kusan rabin waɗanda suka fara ba su gama ba. Francisco Lázaro na Fotugal ya matsa wa kansa har ya yanke jiki ya faɗi a wajen kilomita 30, washegari ya rasu. Babu kofin da ya kai ran mutum.

A wannan tseren akwai wani matashi ɗan Japan, Shizo Kanakuri, wanda ya yi kwana 18 a jirgin ruwa da na ƙasa kafin ya iso. Zafi ya galabaitar da shi, wasu mutanen gida a bakin hanya suka shigar da shi suka ba shi abin sha. Kunya ta hana shi komawa wurin jami'ai, ya tattara ya koma ƙasarsu shiru. Bai bar gudu ba, ya zama malami, ya horar da matasa, har ana kiran sa uban gudun fanfalaki na Japan. A 1967, yana da shekara 75, mutanen Suwidin suka gayyato shi ya zo ya ƙarasa abin da ya fara. Tsoho ya zo ya taka ya ƙetare layi, aka sanar da lokacinsa: shekara 54 da wata 8 da kwana 6 da awa 5 da minti 32. Cikin raha ya ce tafiyar ta yi tsawo, domin a kan hanya ya yi aure, ya haifi 'ya'ya 6, ya samu jikoki 10.

Ita ma Paula Radcliffe da na ambata ta ɗanɗana wannan. A 2003 ta kafa tarihin duniya na mata da awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25, tarihin da ya yi shekara 16 ba a karya ba. Kowa ya sa rai zinaren Atan na 2004 nata ne. A kilomita 36 jiki ya ƙi, ta zauna a bakin titi tana kuka, jaridun ƙasarta suka yi mata ca. Bayan wata uku ba cikakku ba ta je Niyu Yok ta ci tsere. A 2007 ta sake cin sa, wata 10 bayan ta haihu. Sau huɗu tana zuwa Olamfik ba ta taɓa samun ko tagulla ba. To wa zai ce wannan matar ba ta yi nasara a rayuwarta ba? Rana ɗaya ba ta isa a auna mutum da ita.

Mu dawo gida

Uwargida, in hutun nan ya zo yaro ya miƙo miki kati, ki ɗauko na zangon da ya wuce ki ajiye su gefe da gefe. Wannan shi ne agogon kansa. Yaron da ya tashi daga maki 38 a lissafi ya koma 52 ya yi aiki, ko da na 20 ya zo, kuma ya cancanci ya ji haka daga bakinki. Wanda ya zo na biyu amma makinsa ya sauka daga 85 zuwa 70, shi ne ya kamata a zauna da shi a ji abin da ke faruwa, ko da ana ta yi masa barka. Matsayi a aji ya danganta da waɗanda aka haɗa shi da su, in aka canza masa makaranta sai na ɗaya ya koma na 15 ba tare da ya rage komai ba.

Ki tambaye shi kuma ko da guminsa ya samu. Ki bari ya ji a bakinki cewa 50 ta halal ta fi miki 90 ta satar amsa, kuma ki nuna hakan a aikace ranar da ya kawo 50 ɗin.

Kada kuma ki ɓoye masa cewa akwai bindigar awa 12. Jarrabawar shiga jami'a tana da makin da in ba a kai ba ba a shiga, kuma mai riƙe da bindigar ya juya baya, bai san ɗan kowa ba. In yaro ya makara da taku biyu, a bar shi ya yi kukansa, sannan a zauna a duba inda shiri ya gaza, a sake ɗaura ɗamara. Gori da kwatanta shi da ɗan wance ba su taɓa ƙara wa kowa maki ba. In ya yi fice ya zo na ɗaya, a yi murna da gaske, a kuma koya masa ya waiwayi na baya kamar yadda Derartu ta yi.

Ke ma kanki maganar ta shafe ki. Mata nawa ne a cikinmu aka cire daga aji huɗu ko biyar na sakandare aka yi musu aure, suke ganin ƙawayensu sun zama likitoci da lauyoyi, su ce ai mu namu ya wuce? Mata nawa suka fara koyon ɗinki ko saƙa, goyo da hidimar gida suka tsayar da su a kilomita 30? Kanakuri ya dawo bayan shekara 54. Makarantun matan aure suna nan, karatu daga gida yana nan, keken ɗinkin yana nan a lulluɓe a bayan ƙofa. Wadda ta riga ki ta riga ki, Allah Ya sanya mata albarka, tserenta daban naki daban. Ki duba inda kike a bara, ki duba inda kike bana, ki ɗora daga nan da gudun da jikinki da gidanki za su iya ɗauka. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

A nan zan dasa aya. Ina jiran wasiƙunku a kan wannan batu, musamman daga iyayen da suka gwada ajiye kati biyu gefe da gefe, mu ji yadda yaran suka karɓi abin. Sai mun haɗu a wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. A gaida maigida, a shafa min kan yara.